Aikin da Kullum "Saura Kaɗan"

Shekarun baya an naɗa ni magatakardan wani kwamitin unguwa a cikin birnin Katsina, wanda aka ɗora wa nauyin ƙara azuzuwa uku a Islamiyyar yaranmu. Wata biyu muka ɗibar wa aikin. A wata na bakwai, bayan sallar isha'i, muna zaune kan tabarma a ƙofar masallaci, sai wani dattijo da ya fi kowa zuba kuɗi a asusun ya dubi mai kula da ginin.

"Malam, ina aka kwana?"

"Baba, ai saura kaɗan. Mun ci kashi 80."

"Kashi 80 na mi? Na kuɗin ko na ginin?"

Aka yi dariya, amma ba wanda ya amsa. Ni kaina da littafin lissafi ke hannuna ban iya cewa uffan ba. Na san abin da ya fita daga asusu har sisin kwabo, amma ban san da me ake auna abin da ya tsaya a ƙasa ba.

Tambayar dattijon nan ce ta tura ni karatun abin da ake kira ilimin tafiyar da aiki, fannin da yau ake yi wa kwasa-kwasai da jarabawa. A Amurka akwai cibiyar PMI da aka kafa a 1969, mai ba da takardar shaidar PMP, a Ingila kuma gwamnati ta fito da tsarin PRINCE2 a 1996. Duk wanda ya taɓa neman aiki a ƙungiyoyin agaji, ko ya cike takardar neman tallafi, ya ci karo da kalmominsu, kuma da yawa haddace su kawai suke yi saboda intabiyu. Ni dai abin da na fahimta, kowace kalma a cikinsu tambaya ce a naɗe, irin wadda ya kamata a yi tun kafin tifar yashi ta farko ta juye kayanta.

Da Hausa komai aiki ne, shi ya sa sai an fara da rarrabewa. Mai gidan burodi da ke kwaɓa fulawa kullum da asuba aiki yake yi, amma aikinsa ba shi da ranar ƙarewa. Ran da ya yanke shawarar gina sabon gidan gashi, ya shiga wani aikin daban: yana da ranar farawa, yana da ranar gamawa, kuma zai haifar da abin da babu shi a da. Wannan na biyun ne 'yan boko ke ce wa furojek. Gina rijiyar burtsatse, aurar da 'ya, shirya musabaƙa, buɗe shago, duk nan suka faɗa. Bambancin ba na ƙaƙale ba ne. Aikin yau da kullum in ka yi kuskure yau, gobe ka gyara. Shi furojek sau ɗaya ake yin sa, kuskuren kuma a cikin siminti yake daskarewa.

Kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce iyakar aiki: me ke ciki, me ba ya ciki. A takardarmu an rubuta "azuzuwa uku", shi ke nan. Ba a ce da banɗaki ko babu ba, ba a ce da wayar lantarki ko babu ba, ba a ambaci benci ba. Kowa a kwamitin yana da nasa ginin a cikin kansa, kuma kowa ya ɗauka irin nasa ne a kan sauran.

Da bulo ya fara tashi sai shawarwari suka fara sauka. Wani ya ce tunda an riga an haƙa, a ƙara ɗan ofis na shugaban makaranta. Wani ya ce yara za su sha rana, a fitar da baranda. Wani attajiri da ya zo wucewa ya ce wannan kwanon ya zama tsohon yayi, a sa dogo. Ba ɗaya a cikinsu da ba ta da ma'ana, kuma ba ɗaya da ta zo da kuɗinta. Wannan shi ne kumburin aiki, kuma a wajenmu yana da abokin tafiya da littattafan Turawa ba su cika lissafawa ba, wato kunya. Wa zai dubi sa'an mahaifinsa a bainar jama'a ya ce a'a? Sai a ce "to, Alhaji, in sha Allah", birkila kuwa ya ji, gobe da safe ya ja igiya. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Maganin da masana suka samo shi ne ƙa'idar sauyi. Duk wanda ya kawo ƙari, ba a ce masa a'a, ba a kuma ce masa to. Ana rubuta abin da ƙarin zai ci na kuɗi, kwana nawa zai ƙara, daga ina kuɗin zai fito, sannan wanda aka ba ikon amincewa ya sa hannu. 'Yan kwangila suna ce wa irin wannan bariyeshan. Abin da ya burge ni da tsarin, yana ba ƙaramin mutum damar tare babba ba tare da rashin ladabi ba: "Ranka ya daɗe, shawara ce mai kyau. Ga abin da za ta ci, kuma za ta ƙara mana mako uku. A yi?" Sau da yawa mai shawarar da kansa zai ce a bari sai gaba.

Dalilin da ya sa ƙari ba ya zuwa kyauta shi ne aiki a kan murhu yake zaune. Duwatsun uku su ne iyaka da lokaci da kuɗi, tukunyar da ke kai kuma ita ce inganci. Ka matsar da dutse ɗaya ba ka gyara sauran ba, tukunya ta karkace. In aka faɗaɗa aiki aka ce kuɗi da wa'adi suna nan yadda suke, ba mu'ujiza za a yi ba, a ɓoye za a biya: buhun siminti zai haifi bulo fiye da ƙima, rodi mai kauri 12 zai koma mai 10, kuma ba wanda zai sani sai damina ta uku. Ba mu kaɗai abin ke ci ba. Shahararren gidan wasannin nan na Sidni a Ostareliya an fara shi a 1959 tun ba a kammala zanensa ba, da niyyar gamawa a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7. Sai a 1973 aka buɗe shi, bayan ya lashe miliyan 102.

Bayan an ja iyaka sai a tsittsinka aikin, kamar yadda ake kasa naman watanda, har kowane kashi ya zama abin da za a iya cewa ga mai shi, ga kuɗinsa, ga kwanakinsa. A harkar gini masanin ƙiyasi ne ke fitar da takardar da ake kira BOQ, mai ɗauke da adadin kowane kaya da farashinsa. Ƙa'idar ita ce abin da bai shiga kason ba, ba zai shiga kasafi ba. Mu mun lissafa siminti da yashi da tsakuwa da ƙusa, muka manta ruwa. A Katsina kuwa, da bazara, ruwan gini saye ake yi. Kullum sai an kira 'yan ga-ruwa da kurarsu, wani lokaci tanka, kuma kuɗin nan ba shi da layi a littafina, sai na riƙa cusa shi ƙarƙashin "sauran abubuwa" har layin ya fi na fenti girma.

Inda fannin ya fi daɗi a wurina shi ne maganar jeri, wato wane aiki ne ke jiran wane. Bari mu ɗauki ginin namu da lissafi mai sauƙi. A ce harsashi kwana 7, jera bulo zuwa linta kwana 14, zuba linta da jiran ta kama jikinta kwana 7, rufi kwana 6, filasta kwana 10, fenti kwana 5. Kowanne sai na gabansa ya ƙare yake farawa, jimla kwana 49. A gefe guda mai walda yana buƙatar kwana 12 ya haɗa ƙofofi da tagogi, kuma ba a neman su sai ranar da za a fara filasta, wato bayan kwana 34. Ke nan yana da rarar kwana 22 da zai iya yin jinkiri ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Kafinta mai benci, in aikinsa kwana 20 ne, rararsa ta kai kwana 29.

Waccan doguwar sarƙa ta kwana 49, wadda ba ta da rarar ko yini ɗaya, ita ce ƙashin bayan aiki. Yashi ya makara kwana 3 lokacin bulo, ranar buɗe makaranta ta koma kwana na 52, ba makawa. Mai walda ya makara mako biyu, ba abin da ya faru. Wannan ne ke gaya wa mai kula da aiki inda zai tsaya da ƙafarsa da inda waya ta isa. Na ga shugabanmu ya yi yini guda a shagon mai walda yana faɗa a kan tagogin da ba a buƙata sai bayan wata guda, alhali birkiloli na zaune a inuwa suna jiran siminti. Sai dai rarar tana ƙarewa. In mai walda bai kunna injinsa ba sai bayan kwana 25, zai gama a na 37, kuma daga ranar shi ne ya riƙe wuyan aikin gaba ɗaya. Don haka lissafin ba na sau ɗaya ba ne, kowane mako ake sake duba shi.

Dabarar ba tsohuwa ba ce can. Kamfanonin DuPont da Remington Rand ne suka fito da ita a 1957 don tsara gyaran masana'antu, a 1958 kuma rundunar ruwan Amurka ta fito da 'yar'uwarta PERT a aikin makamin Polaris. Ita PERT ba ta yarda da ƙiyasi ɗaya ba, uku take nema: in komai ya tafi daidai, in abu ya tafi yadda ya saba, da in ya ɓaci. Duk wanda ya taɓa jin tela ya ce "jibi" ana saura mako guda sallah ya san amfanin tambaya ta uku. Zanen da ake nuna jadawalin da shi kuwa, mai kwanaki a sama da ayyuka a gefe da dogayen sanduna a kwance, sunan injiniya Henry Gantt ya ci, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1910. Ba sai da kwamfuta ba. Bayan kalanda da rula sun isa.

In aka makara, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne a ƙaro ma'aikata. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, gaskiya ne, amma a kan aikin da ke rabuwa. Birkila huɗu sun fi biyu saurin jera bulo. Leburori ɗari ba za su sa kankare ya bushe da wuri ba, shi da sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Kuma ƙarin hannu a aikin da ba ya kan ƙashin baya asarar kuɗi ce kawai.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba da "mun kusa" suke auna tafiya ba, da zango suke aunawa. Haka aiki yake buƙatar zanguna, wato wuraren da ido zai gani ya tabbatar: harsashi ya fito, gini ya kai linta, an rufe. Zango ba ya karɓar "kusan", ko an kai ko ba a kai ba. Amfaninsa babba shi ne a ɗaura biyan kuɗi a kansa. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya, lokacin da aka kafa ta a 2007, ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin 100, sauran sai an ga aiki. Mu da muka fi gwamnati yarda da juna, rabi muka miƙa a ranar farko.

Sai haɗari. A yaren fannin, haɗari abu ne da bai faru ba amma yana iya faruwa, in ya faru kuma ya tashi daga haɗari ya koma matsala. Ana rubuta su a jere, kowanne a tambayi yiwuwarsa, da girman ɓarnarsa, da wanda zai sa masa ido, da abin da za a yi. Wani a kauce masa, wani a rage kaifinsa, wani a ɗora wa wani ta hanyar inshora ko yarjejeniya, wani kuma a karɓe shi a ware masa kuɗin ko-ta-kwana, wanda da yawa kan sa kashi 5 zuwa 10 na kasafi. Damina ba haɗari ba ce a Katsina, kowa ya san daga wajen Yuni zuwa Satumba tana nan, wanda ya bar gini ba rufi a Agusta jadawalinsa ne ya gaza. Amma wanda ya yi kasafi a farkon 2023, kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayu a kuma saki naira a Yuni, ya ga yadda kuɗin tifa da na siminti suka tsere wa takarda.

Misali mafi kusa yana Lambar Rimi. Tashar lantarki mai aiki da iska, mai megawat 10 da fankoki 37, tun zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa aka faro maganarta. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin Vergnet na Faransa, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai Nuwambar 2013. Aikin ya tsaya cik, aka shafe shekaru ana sa ranar gamawa ana ɗagawa. Fankokin ba su da laifi, iskar ma tana nan. Abin da ya karya jadawalin ba ya cikin zanen injiniya ko kaɗan.

Na taɓa kawo maganar rubuta haɗurra a wani zama, wani ya ce wannan ai fatan tsiya ne, a bar wa Allah. Liman ne ya raba mu, ya tuna mana hadisin wanda aka ce wa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara.

Masu ruwa da tsaki kalma ce da ta gaji da yawo a labaran rediyo, amma ma'anarta a nan takamaimiya ce: duk wanda aikin zai taɓa, ko wanda zai iya taɓa aikin. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kowane manomin da layin ya bi ta gonarsa, kowane makiyayin da aka yanke wa burtali, da sarakuna, da gwamnatocin ƙasashe biyu, duk suna cikin lissafi. Namu mai ruwa da tsakin da muka manta maƙwabci ne, wanda indararon sabon rufinmu ya kalli katangarsa ta ƙasa. Bai zo taro ko ɗaya ba don ba a gayyace shi ba, amma shi ya tsayar da mu mako biyu, kuma da gaskiyarsa. A ciki ma akwai rabon da ya kamata a yi wa kowane aiki: wa zai yi da hannunsa, wa za a tuhuma in bai yiwu ba, wa za a shawarta, wa za a sanar kawai. Masu yi suna iya zama goma. Wanda za a tuhuma dole ya zama mutum ɗaya mai suna, domin "kwamiti" ba ya ɗaga waya.

Yanzu mu koma ga tambayar Baba. Amsarta tana cikin abin da ake kira ƙimar aikin da aka samu, dabarar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗora wa 'yan kwangilarta a shekarun 1960. Lambobi uku ake ajiyewa gefe da gefe: abin da aka tsara a yi zuwa yau, abin da aka yi a zahiri bisa farashin da ke takardar ƙiyasi, da abin da aka kashe. A ce kasafi naira miliyan 10 ne, an kashe miliyan 8, amma da aka zagaya da takarda aka auna abin da ke tsaye, har da kayan da ke ajiye, na miliyan 5 ne. Ashe kuɗi ne ya ci kashi 80, gini rabi yake. Kowace naira ɗaya tana sayo aikin kwabo 62 da rabi, kuma in aka ci gaba a haka ginin miliyan 16 zai ci. Mai kula da gininmu ba ƙarya ya yi ba, ba kuma sata ya yi ba. Littafina ya kalla ya ba da amsa, littafin kuwa kuɗi kaɗai ya sani.

Akwai masu cewa duk wannan tsohon yayi ne, yanzu zamanin tsarin Agile ne, wanda wasu masu rubuta manhajar kwamfuta su 17 suka fitar da shelarsa a 2001: a yi aiki guntu-guntu, kowane mako biyu ko makamancin haka a nuna wa mai shi, a gyara. Ga mai haɗa manhaja ko mai gwada sabuwar sana'a, hanya ce mai kyau. Ga mai zuba dekin, ban ba da shawara ba.

Matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne rufewa. Ana zagayawa a rubuta gyare-gyaren da suka rage, a riƙe wani abu daga kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 cikin 100, har sai an ga ginin ya sha ruwa bai yi yoyo ba, a miƙa makullai da takardu ga wanda zai ci gaba da kula. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Amma ko wanda aka kammala yana da sauran tambaya, domin abin da aka miƙa daban, amfanin da aka nema daban. Madatsar ruwa ta Zobe da ke wajen Dutsin-ma tun 1983 aka gama ta. Ruwa ya taru, bango ya tsaya, a takarda an sallami aiki. Sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin da zai kai ruwan zuwa famfunan jama'a.

Azuzuwanmu a wata na goma sha ɗaya aka buɗe su, da ofis, da baranda, da dogon kwano. An yi walima, an yi addu'a, an ɗauki hoto. Ranar Asabar da yara suka shigo sai aka tarar ba benci, kowa ya ɗauka yana cikin alƙawarin wani. Zangon karatu guda suka yi a kan tabarmin masallaci, ana naɗe su kafin azahar a mayar.